Yara 23, ɗaki ɗaya, ni kaɗai: yaya ake raba yinin?

Malama_Ɗaki_Ɗaya: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Zangon nan aka damƙa mini yara 23, amma ba sa'o'in juna ba ne. Ƙaramarsu shekararta 6, babbansu ya kai 11. A rajista 'yan aji ɗaya zuwa huɗu ne, an haɗa su ɗaki guda, allo guda, ni kaɗai.

Sati uku ke nan ina raba allon gida huɗu, in rubuta wa kowane aji aikinsa, in riƙa zagayawa. Kafin in gama da 'yan aji ɗaya, 'yan aji huɗu sun gama nasu sun shiga kokawa. Kafin in raba faɗan, ƙananan wasu na kuka wasu na gyangyaɗi. Kullum murya a dushe nake komawa gida, in kuwa na tambayi kaina me yaran nan suka ƙaru da shi yau, sai in rasa ta cewa. Yaya kuke tsara yininku? Musamman ma, me sauran suke yi lokacin da malami yake tare da rukuni ɗaya?

Alli_da_Allo: Wa alaikumus salam. Sannu Malama, Allah ya ba da lada. Na yi shekara biyu a irin wannan aji. Fara goge layukan nan da kika ja a allo. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

TsohonHedimasta: 'Yata, tambayarki ta ƙarshe ita ce maganar gaba ɗaya, kuma na ji daɗi da kika gano ta a sati uku. Ni sai da na shekara.

Ki yi lissafi. In kika raba yaran rukuni uku, kika ba karatu awa ɗaya, kowane yaro minti 20 zai samu a gabanki, minti 40 yana hannun kansa. Mu malamai mukan kwana muna shirya minti 20 ɗin nan, mu bar 40 ɗin ba shiri. To a cikin 40 ɗin kokawar take. Yaron da ya gama aiki bai san abin yi na gaba ba, shi zai nema wa kansa.

Ga yadda na riƙa yi. Da safe minti 15 kowa yana zaune wuri ɗaya, a faɗi rana da kwanan wata, in karanta musu gajeren labari da babbar murya. Labari ba ruwansa da shekaru, tambayar ce take bambanta. Ƙaramin in tambaye shi su waye a cikin labarin, babban in tambaye shi me ya sa wane ya yi abin da ya yi, kuma da shi ne me zai yi. Daga nan awa ɗaya ta karatu da rubutu, rukuni uku suna juyawa: ɗaya a gabana, ɗaya na aiki bibbiyu, ɗaya kowa da littafinsa. A fita shan iska. A dawo lissafi, shi ma haka. Sauran darussa kuwa, kimiyya da zane da sanin muhalli, ban taɓa raba su ba. Batu ɗaya ne, aikin kowa daban.

Misali, inuwa. Mu kafa sanda a tsakar makaranta. Ƙanana su ja layi a ƙasa inda inuwar ta tsaya, su ce doguwa ce ko gajera. Matsakaita su auna ta da taƙi. Manya su auna da rula, santimita nawa da ƙarfe 9, nawa da ƙarfe 11, nawa da ƙarfe 1, su zuba a jadawali, su rubuta jimla uku kan abin da ya sa ta gajarta sannan ta juya. Sanda ɗaya ta ɗauki aji huɗu, ni kuma ban ɗaga murya ba.

SabuwarMalama: Baba, Allah ya ƙara girma, na kwafe wannan na inuwa. Amma minti 40 ɗan shekara 6 yana aiki shi kaɗai? Nawa ko minti 10 ba sa kaiwa.

TsohonHedimasta: Kin yi gaskiya, na gajarta bayani. Ƙananan ba zama ɗaya suke yi ba. Da su nake farawa, in nuna musu abin da za su yi da hannu, jera marafan kwalba ko haɗa katin harafi da hoto, sannan in na koma rukuni na biyu ina zama inda idona ke kansu. Kuma a tsakanin juyi da juyi ina leƙa su. Su ba a barinsu, manya ake bari.

Ɗan_Lissafi: Ni inda na tsaya shi ne, rukuni ukun nan da me za a raba su? In da aji za ki raba, Malama, kin koma gidan jiya. Rajista ta ce yaro yana aji huɗu, amma rajista ba ta iya karatu. Ki zauna da kowane yaro shi kaɗai, minti 5 ya isa, ki ba shi takarda guda mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da sakin layi, da ɗan labari. Inda ya tsaya nan ne matakinsa. Wannan shi ne abin da ƙungiyar Pratham ta Indiya take yi, matakai biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. Sai a haɗa yara bisa matakin, ba bisa shekaru ba, ana sake gwada su lokaci zuwa lokaci, wanda ya wuce a matsa da shi gaba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, sun daɗe suna gwada shirye-shiryen ƙungiyar nan a makarantun Indiya. Lissafi ma haka ake yi: gane lamba, tarawa, ɗebewa, har zuwa rabawa. Yara 23 kwana biyu kin gama.

Maman_Biyu: Ni ba malama ba ce, uwa ce, a yi mini afuwa in sa baki. Yarana biyu sun yi karatu a haɗaɗɗen aji. Wannan raba yara da mataki da Malam Ɗan_Lissafi yake yabo, a takarda yana da kyau. Ɗana yana shekara 10 aka zaunar da shi da 'yan shekara 7 saboda karatunsa ya yi baya. Yaron nan ya riƙa ƙirƙiro ciwon ciki da safe don kada ya je. Yayarsa kuma, da yake tana da ƙoƙari, sai ta zama ƙaramar malama. Kullum "me kika koya yau?" sai ta ce "na koya wa su wance baƙi da wasali." To ita wa zai koya mata? Ba don ta yi aikin malami na kai ta makaranta ba.

Gaskiya_Ɗaci: Yauwa Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu daina shafa wa abin nan hoda. Haɗa aji huɗu a hannun mutum ɗaya rashin malamai ne, ba wata hikima ba. Duk dabarun da ake kawowa na lallaɓa ciwo ne. Malama, shawarata ki rubuta wa na sama da ke cewa aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Alli_da_Allo: Ta rubuta, ba laifi. Amma gobe da safe yara 23 za su zo, takardar ba ta kai ko'ina ba.

Mai_Nazari: Malam Gaskiya_Ɗaci, rabin maganarka gaskiya ce. Akwai haɗin dole, akwai na ganganci. A ƙauyukan da yara ba su da yawa, ko'ina a duniya, haɗin dole ne. Amurka kanta a farkon ƙarni na 20 tana da makarantu masu ɗaki ɗaya kusan 200,000. Amma Maria Montessori, wadda ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum a 1907, da gangan tsarinta yake haɗa yara masu tazarar shekara uku: 3 zuwa 6, 6 zuwa 9, 9 zuwa 12. Haka tsarin Jena na Peter Petersen a Jamus, tun shekarun 1920.

Game da ko yara na cutuwa, wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara nazarce-nazarce sama da hamsin a 1995, ya ga babu wani bambanci na a zo a gani a sakamakon karatu tsakanin haɗaɗɗen aji da aji mai shekara ɗaya. Sai dai a 1996 wasu masu bincike biyu, Mason da Burns, suka mayar masa da martani cewa a yi hattara: sau da yawa shugabannin makarantu sukan zaɓi ƙwararren malami da yara masu natsuwa su zuba a haɗaɗɗen ajin, don haka daidaiton da aka gani yana iya ɓoye wata asara. Ni dai abin da na ɗauka, abin yana yiwuwa, amma a wuyan malami nauyin yake sauka.

Gaskiya_Ɗaci: To ai ka faɗa da bakinka. Kuma ajin Montessori cike yake da kayan aiki da aka ƙera don yaro ya gane kuskurensa da kansa, malamar ma horo na musamman ta samu. Ita Malama allo ɗaya gare ta. Sannan tazarar shekara uku ka ce, tata shekara biyar ce.

Mai_Nazari: Wannan na tazarar ban musa ba. 6 da 11 sun yi nisa.

Anti_Mai_Kwali: Ku bar ni da su Montessori, ni kwali na sani. Malama ƙanwata, kayan aikin da yaro zai gane kuskurensa da kansa ba sai an saya ba. Ki yanka kwali, gaba ki rubuta 7 sau 8, baya ki rubuta 56. Gaba hoton abu, baya sunansa. Ki yanka gajeren labari jimla jimla ki zuba a ambulan, yaro ya jera su yadda labarin zai tafi daidai, a bayan kowace jimla akwai lambarta. Ina da akwati uku masu launi uku, kowane rukuni ya san nasa, katunan ciki kuma da lamba a jere. Yaro ya gama kati na 12, ya yi alama a takardar da ke manne a bango, ya ɗauki na 13. Ba wanda zai zo yana ja mini mayafi yana "Anti na gama."

Doka biyu na kafa. Ta farko, in ina tare da rukuni, akwai jan ƙyalle da nake ratayawa a kujerata. Muddin yana nan ba mai zuwa sai in jini ko wuta. Ta biyu, kafin ka tambaye ni, tambayi mutum biyu. Sati biyu na farko ban koyar da wani abin kirki ba, dokokin nan kawai muka yi ta maimaitawa: yadda ake tashi daga benci zuwa tabarma, yadda ake mayar da kati, wane ne mai raba fensir. Na ji kamar ina ɓata lokaci. Ashe su ne suka riƙe mini shekarar.

SabuwarMalama: Anti, ba sa juya katin su kwafi amsar?

Anti_Mai_Kwali: Suna yi mana! Har da wanda ya gama akwati guda a yini ɗaya. Ranar Alhamis nakan zari kati uku cikin waɗanda yaro ya ce ya gama, in tambaye shi da baki. Wanda ya kasa ya koma baya. Sau biyu aka yi wa mutum haka ya daina.

Mai_Nazari: Abin da Anti take yi da akwatunanta kusan shi ne tsarin Escuela Nueva na Kolombiya, wanda Vicky Colbert da abokan aikinta suka fara a tsakiyar shekarun 1970 don makarantun karkara masu malami ɗaya ko biyu. Su littattafan jagora suke da su, yara na zaune rukuni rukuni suna bin umarnin da ke ciki, malami na zagayawa. Amfaninsa babba shi ne yaron da ya yi fashin sati biyu, in ya dawo daga inda ya tsaya zai ɗora. A makarantun Rishi Valley ta Indiya ma akwai irinsa, su tsani suke kiransa, yaro na hawa mataki mataki da katuna.

Maman_Biyu: Duk na ji. Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar 'yata.

TsohonHedimasta: Hajiya, kina da gaskiya, an zalunci 'yarki, kuma laifin ba na haɗa aji ba ne, na malamin ne. Sa manya su koyar da ƙanana tsohon abu ne. Joseph Lancaster ya yi shi a Landan tun 1798, Andrew Bell kuma a Madras ta Indiya kafin shi: malami ɗaya, ɗaruruwan yara, monitoci na biya musu. Ya yaɗu sosai don ba ya cin kuɗi, daga baya aka watsar da shi, saboda abin da monita zai iya bayarwa hadda ce kawai, shi kansa kuma karatunsa yana tsayawa.

Ni ƙa'idata, babba ba ya koyar da sabon abu. Sabon abu aikina ne. Abin da babba zai yi shi ne sauraro: ƙarami ya karanta masa, ko su yi katin lissafi tare, minti 10 zuwa 15 a yini, ba ƙari. Kuma rukunin manya ba a cin lokacinsu. Jarabar da ke kama malami ita ce, da yake su ba sa kuka, sai a riƙa yanke nasu minti 20 ɗin ana ƙara wa ƙanana. Na yi wannan kuskuren, sai ƙarshen zango na ga insha'insu bai motsa daga inda yake ba.

Ɗan_Lissafi: Zan ƙara da cewa minti 10 ɗin nan ba asara ba ce ga babban. Ki sa yaron da ya iya ɗebewa mai aro ya bayyana wa wani me ya sa ake aro, nan za ki gane ko ya fahimta ko hannunsa ne kawai ya saba. Da yawa sun iya 52 a ɗebe 17, amma ba su san ɗayan da suka aro goma ba ce.

Maman_Biyu: In minti 10 ne ban ƙi ba. Tata rabin yini ce.

Malam_Shiru: Tambaya a gefe. Masu zuwa duba aiki fa? Ni shirin darasi huɗu ake nema a wurina, kowane aji da nasa, bisa manhaja. In na ce na haɗa su a darasin inuwa, za a ce ina batun 'yan aji uku na wannan satin.

Alli_da_Allo: Ka baje manhajar azuzuwan a gabanka, za ka ga batutuwa da yawa maimaituwa suke, ana ƙara musu zurfi ne kawai: ruwa, tsirrai, jikin mutum, yanayi. Ka jera masu kama da juna a sati ɗaya. Shirin darasi shafi ɗaya, batu a sama, ƙasa ka ja gida gida ka rubuta manufar kowane aji da aikinsa. Waɗanda ba su da 'yan uwa kuma ka raba su shekara biyu, bana rabi baɗi rabi, kowa zai riske su kafin ya fita.

Ɗan_Lissafi: Ban da lissafi da karatu. Su ba a yi musu bana da baɗi. Ba za ka koya rabawa bana ka ce ninkawa sai baɗi ba.

Alli_da_Allo: Ai kimiyya da sanin muhalli nake nufi, Malam, kar ka cinye ni.

Malam_Shiru: Na gwada mai gida gida ɗin, wanda ya zo ya ce bai san wannan ba. Ya dogara da wanda aka turo maka.

Malama_Ɗaki_Ɗaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na yi shiru ne don ina gwadawa. Ga abin da ya faru a kwana takwas.

Na yi gwajin da Malam Ɗan_Lissafi ya ce. Cikin 23, shida ba su san haruffa ba, biyar na haruffa, biyar na kalmomi, huɗu na sakin layi, uku suna karanta labari. Abin da ya ɗaure mini kai, cikin ukun nan akwai 'yar shekara 7, babbansu kuwa mai shekara 11 a kalmomi ya tsaya. Sati uku yana kwafar duk abin da na rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, ban san ba ya iya karanta shi ba. Kuma shi ne shugaban kokawar.

Zaman safe ya karɓu, har manyan sun fi ƙananan son labarin. Jan ƙyallen Anti yana aiki rabi da rabi. Kati ne ban samu na yanka da yawa ba, dare biyu na yi na samu 40, suka cinye su a kwana uku.

Matsalar ita ce wadda Hajiya Maman_Biyu ta faɗa, kamar tana gani. Yaron nan ya ƙi zama a rukunin kalmomi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi ba yaro ba ne. Ban matsa masa ba, na bar shi da manya, amma can ma zaman banza yake.

Anti_Mai_Kwali: Katin kar ki kashe kanki, manyan ki ba su su rubuta, ke ki duba. Aikin shifta ne a wurinsu. Shi kuma yaron, ba shi muƙami. Ki ce shi ne mai kula da akwatin rukunin, shi zai riƙa ɗaga kati yana duba amsa. Zai koya yana ganin shi ne babba.

Maman_Biyu: Anti, ɗan shekara 11 ba a yi masa wannan wayon. Zai gane ran farko, sauran yaran ma za su gane. Nawa da aka yi masa haka cewa ya yi an mai da shi wawa sau biyu. A bar shi cikin sa'o'insa, a nemo masa lokaci shi kaɗai.

TsohonHedimasta: Ina tare da Hajiya a nan. Minti 10 kafin a shiga aji ko bayan an tashi, ke da shi, ba ido. Ki gaya masa gaskiya, kar ki ɓoye: ga inda kake, ga inda za mu kai kafin ƙarshen zango. Babban yaro yakan yi sauri in kunya ta sauka. Kuma kar ki ba shi katin 'yan shekara 6 mai hoton kyanwa, ki samo kalmomi daga abin da yake so. A lissafi yaya yake?

Malama_Ɗaki_Ɗaya: A lissafi shi ne na ɗaya, Baba. Da ka yake yi, kafin in gama rubutawa ya ba da amsa.

Ɗan_Lissafi: To shi ke nan, rukunin lissafi daban da na karatu. In yana saman wani, zaman ƙasan wani ba zai yi masa ciwo sosai ba. Ni har yanzu ina ganin ya shiga rukunin kalmomi; minti 10 a yini ba za su kai shi ko'ina ba, alhali ga awa guda tana wucewa.

Gaskiya_Ɗaci: Ga shi nan dai. Ta zo da wuri, ta tashi a makare, ta kwana tana yankan kwali. Malama, kin rubuta takardar kuwa?

Malama_Ɗaki_Ɗaya: Na rubuta, Malam, tun ranar Litinin. Gobe zan fara minti 10 ɗin da shi in ya yarda ya zo da wuri. Ita kuma 'yar shekara 7 ɗin, na sa ta cikin masu labari, tana karatu fiye da su, amma in aka zo rubutu hannunta ba ya kai nasu, layi biyu take yi su sun yi shafi, jiya har ta yi kuka. Ita kuma a ina zan ajiye ta?

SabuwarMalama: Ni ma ina da irinta. Ina jira in ji.